Ba duk ƙwayar suga ce ɗaya ba

Idan aka auna jinin mutum da safe kafin ya karya aka ga suga ya kai 126, ko 7.0 a irin na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, aka sake aunawa wata rana aka ga bai sauka ba, to magana ta tabbata, yana da ciwon suga. In babba ne, galibi nau'i na biyu ne, wanda ya kwashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon a duniya. Abin da ke biyo baya a yawancin asibitocinmu sananne ne: takarda mai ɗauke da sunan da ba ya karantuwa, da umarnin a sha ɗaya da safe ɗaya da dare, a rage tuwo, a dawo bayan wata guda. Likita na da dogon layi a waje, ba shi da lokacin bayani. Mutum ya koma gida yana cewa an ɗora shi a kan maganin suga, kamar dai abu ɗaya ne.

Alhali ƙwayoyin sun kasu gida-gida, kowane gida da inda yake aiki a jiki, kowanne kuma da irin haɗarinsa. Akwai wadda za ka sha ka wuni ba ka sa komai a baki ba, lafiya lau. Akwai wadda in ka yi haka sai dai a kwashe ka a sume. A ganina, bayan rashin kuɗin magani, babu abin da ke jefa masu ciwon suga cikin wahala kamar rashin sanin wace ƙwaya ce a aljihunsu da abin da take yi.

Kafin a gane magani sai an gane ɓarnar. Tuwo, shinkafa, fura, doya, burodi, duk suna narkewa su zama suga su shiga jini. Sinadarin insulin, wanda wata halitta da ke kwance a bayan tumbi mai suna fankiriyas ke fitarwa, shi ke sa tsoka da sauran sassan jiki su ɗauki wannan suga su yi aiki da shi. A nau'i na biyu abubuwa biyu ne ke haɗuwa. Jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, musamman in kitse ya taru a ciki da hanta, ita kuma fankiriyas ta gaji da ƙoƙarin cike giɓin. Ga kuma hanta, wadda ita ce rumbun jiki: tana ajiye suga, tana sakinsa kaɗan-kaɗan lokacin da mutum bai ci abinci ba, insulin ne kuma ke ba ta umarnin ta rufe ƙofa. Mai ciwon suga ƙofar rumbunsa ba ta rufuwa. Shi ya sa za ka ji wani yana mamaki, ya kwanta bai ci tuwon dare ba, ya tashi da asuba ya auna ya ga 180. Ba daga kwano sugan ya fito ba, daga hanta ya fito.

A nan metformin ke aiki, wanda mutane da yawa suka fi sani da sunan Glucophage. Babban aikinsa shi ne rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini, sannan ya ɗan taimaka wa jiki ya ji insulin, yana kuma yin wani aikin a hanji. Ba ya matsa wa fankiriyas ta ƙara fitar da insulin, don haka in shi kaɗai mutum yake sha, da wuya sugansa ya faɗi ƙasa fiye da kima. Ba ya sa ƙiba, wasu ma sukan ɗan rage. Tsohon magani ne. Tushensa wani tsiro ne da mutanen Turai ke magani da shi tun da daɗewa, an haɗa shi a ɗakin bincike a birnin Dublin a 1922, amma aka yi watsi da shi saboda a daidai lokacin ne insulin ya bayyana. Wani likitan Faransa, Jean Sterne, shi ya farfaɗo da shi a 1957. Amurka ta daɗe tana ɗari-ɗari da shi saboda ɗan uwansa phenformin, wanda aka janye daga kasuwa a ƙarshen shekarun 1970 bayan ya halaka mutane ta hanyar tara guba mai tsami a jini. Sai a 1995 metformin ya shiga kasuwar Amurka.

Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne wani dogon bincike da aka yi a Birtaniya mai suna UKPDS, wanda aka fara a 1977 aka fitar da sakamakonsa a 1998. An bi masu ciwon suga masu ƙiba kimanin shekara goma, aka ga waɗanda aka ɗora a kan metformin mutuwarsu ta ragu da kashi 36 cikin ɗari, bugun zuciya kuma da kashi 39, idan aka kwatanta da waɗanda aka fara da gyaran abinci kawai. Mutanen da suka sha shi a wannan ɓangare 342 ne kacal, kuma masana har yau suna gardama kan ko kariyar da yake ba zuciya ta kai haka. Amma babu mai gardama cewa yana sauke suga, yana da sauƙin kuɗi, kuma an shafe fiye da shekara sittin ana ganin halinsa. An ce araha ba ta ado, amma a nan mai arahar shi ne jagaba, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Inda yake ɓata wa mutane rai shi ne ciki. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu fara shi sukan yi fama da gudawa, tashin zuciya, kumburin ciki, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki. Da yawa a nan suke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Sau da yawa laifin na yadda aka fara ne. Ƙa'ida ita ce a fara da miligiram 500 sau ɗaya a rana, a tsakiyar cin abinci ko da gamawa, ba da cikin wofi ba, a riƙa ƙarawa mako-mako har a kai inda likita yake so, galibi bai wuce 2,000 a rana ba. Ga mafi yawan mutane cikin yakan lafa bayan 'yan makonni. Wanda nasa ya ƙi lafawa akwai samfurin da ke narkewa a hankali, wanda ba a taunawa ba a kuma niƙawa, wani lokaci ma akan ga ɓawonsa a bayan gida, kuma wannan ba ya nufin bai yi aiki ba. Wanda ya shekara da yawa yana shan metformin kuma ya kamata a riƙa duba masa bitamin B12, domin maganin yana rage shi. Ƙarancinsa na kawo kasala da jin ƙafa na zafi ko mutuwa, sai a ɗora wa ciwon suga laifi alhali abu ne mai sauƙin gyara.

Sai maganar ƙoda, wadda ta zama abin tsoro a gari. Za ka ji ana cewa maganin Bature na suga shi ke kashe ƙoda, wane ya sha shekara goma ga shi yanzu ana masa wankin ƙoda. Gaskiyar ita ce suga da ya daɗe a sama, tare da hawan jini, su ke cinye ƙoda. Metformin ba ya lalata ta. Alaƙarsa da ita ita ce ta ƙoda yake fita daga jiki, don haka in ta riga ta raunana sai ya taru, a nan ne gubar nan mai tsami ke iya aukuwa, ko da yake ba kasafai ba. Shi ya sa ake gwajin ƙoda kafin a fara, ana kuma maimaitawa aƙalla sau ɗaya a shekara. In ma'aunin tace jini na ƙoda ya yi ƙasa da 45 akan rage shi, in ya yi ƙasa da 30 a dakatar. Haka ranar da mutum ke amai da gudawa, ko zazzaɓi ya hana shi ci da sha, akan ajiye metformin har ya murmure, a kuma nemi likita. Wanda ya bar magani don tsoron ƙoda, ya ci gaba da haɗiyar diclofenac, wanda ke iya cutar da ƙodar, kullum da sunan maganin gajiya, ya gudu ne bai tsira ba.

Gida na biyu shi ne inda nake so a fi kasa kunne: glibenclamide, wato Daonil, da gliclazide, da glimepiride. Bisa katari aka gano su. A 1942, a garin Montpellier na Faransa, likita Marcel Janbon yana gwada wani magani a kan masu taifot sai ya ga wasu suna farfaɗiya suna suma saboda sugansu ya faɗi warwas. Abin da ya zo a matsayin illa shi aka mayar magani. Aikinsu shi ne tilasta wa fankiriyas ta fitar da insulin, kuma ba ruwansu da ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Suna sauke suga da sauri, suna da araha, shi ya sa suka cika kemis-kemis. Amma illar da Janbon ya gani tana nan.

Ɗauki dattijuwa a gidan biki. Ta sha Daonil da safe da ɗan ruwan shayi, hidima ta ɗauke hankalin kowa, har azahar ba ta ci komai ba. Sai a ga zufa na keto mata, hannu na rawa, tana magana ba kan gado, ko ta hau faɗa ba dalili. Wata ta ce, "Hajiya, ko hawan jinin ne ya tashi?" Wata ta ce a kira malam a yi tofi. Abin da take buƙata a wannan lokaci shi ne abin da aka shekara ana hana ta: ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa, in bai haura 70 ba a ƙara, sannan ta ci abinci mai riƙe ciki. In ta riga ta suma, ba a ɗura mata komai a baki, asibiti ake nufa. Glibenclamide ya fi sauran muni a nan, domin yana daɗewa a jiki, mutum na iya farfaɗowa ya sake faɗuwa bayan 'yan sa'o'i, musamman tsoho ko mai raunin ƙoda. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita gliclazide ga wanda ya haura shekara 60. Wasu magungunan da ake saya kai-tsaye, irin su Septrin da ciprofloxacin, da kuma kwinin na zazzaɓin cizon sauro, suna ƙara wannan haɗari. Wani abin lura kuma, akwai ƙwayoyin da aka haɗa metformin da glibenclamide a guda ɗaya, mutum yana zaton metformin kawai yake sha. Karanta abin da ke jikin katin magani, ko a sa wani ya karanta, ba ƙaramin abu ba ne.

To yaushe ake gamawa? Mun saba da maganin zazzaɓi, kwana uku an wartsake an ajiye. Mai ciwon suga ma bayan makonni kaɗan yawan fitsari da ƙishirwa sukan tafi, ƙarfi ya dawo, sai ya ce ya warke. Matsalar ita ce waɗannan alamu ba sa bayyana sai suga ya yi sama sosai. Mutum na iya yawo da 200 shekara da shekaru ba ya jin komai, alhali ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa suna lalacewa. Ƙungiyar masu ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a nahiyar Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa jin garau ba hujja ba ce. Ƙwayar ba ta cire ciwon, tana riƙe shi ne muddin ana sha. Alƙalin shi ne awo, musamman gwajin HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, inda ake son yawancin mutane su tsaya kusa da kashi 7 cikin ɗari, a ɗan sassauta wa tsofaffi. Sai dai a ƙasar da sikila da ƙarancin jini suka yi yawa, wannan gwaji na iya ruɗi, don haka mai irin wannan lalura ya sanar da likita a dogara da awon yatsa.

Akwai kuma gaskiyar da ba ta da daɗin ji. Ciwon yana tafiya gaba ko da mutum na kiyayewa. Binciken UKPDS ɗin nan ya nuna cewa bayan shekara uku kusan rabin mutane magani ɗaya ba ya isarsu, bayan shekara tara kuwa kusan uku cikin huɗu. Don haka in likita ya ƙara ƙwaya ta biyu, ko ya ce lokacin allurar insulin ya yi, ba yana nufin maganin ya lalata jiki ba ne, ba kuma alamar ajali ba ce. Fankiriyas ce ke ƙara gajiya. Hanyar da aka fi tabbatar tana iya mayar da ciwon baya ba tare da tiyata ba ita ce rage nauyi sosai tun ciwon yana sabo. A wani bincike da aka yi a Birtaniya mai suna DiRECT, wanda ya fito a 2017, kashi 46 cikin ɗari na masu ƙibar da aka ɗora a kan tsauraran matakan rage abinci sun cika shekara da suga daidai ba tare da ƙwaya ba. A shekara ta biyu adadin ya sauka zuwa 36. Ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi, kuma kan masu ƙiba ne. Masu ciwon suga da yawa a karkararmu ba su da naman da za su rage.

Akwai sababbin ƙwayoyi. Empagliflozin da dapagliflozin suna sa ƙoda ta zubar da suga ta fitsari, kuma tun 2015 bincike ya fara nuna suna kare zuciya, daga baya aka ga suna kare ƙodar ma. Suna ƙara fitsari, suna iya jawo ƙaiƙayin gaba, kuma a zafin bazara mai shansu sai ya kula da ruwa. Sitagliptin da danginsa ba su da yawan illa amma ba su da ƙarfi sosai. Dukkansu tsada ce ke raba su da talaka.

Kuɗin nan shi ne ainihin mai tsara yadda ake shan magani a wurinmu. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa, kuma tun da darajar naira ta karye a 2023 farashin magungunan waje ya yi tashin gwauron zabi. Tsaya a kemis da yamma ka gani. Magidanci zai miƙa tsohon kati da ya lanƙwashe ya ce, "Malam, yanko mini guda huɗu irin wannan." Zai sha yau ya tsallake gobe, ko ya jira sai ya ji jikinsa ba daɗi. Da ya faɗa wa likita gaskiyar aljihunsa, da an rubuta masa metformin na kamfani mai sauƙin farashi da ke da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, domin sinadarin ɗaya ne. Abin gudu shi ne jabu. Ba banza ba, lokacin da NAFDAC ta fara tsarin kankare lamba a jikin magani a tura ta saƙon waya a 2010, da Glucophage aka fara gwajin. Su kuma shuwaka, zogale, garahuni, hulba da kirfa, a ci su a matsayin abinci babu laifi, wasunsu ma suna ɗan taɓa suga. Amma babu wanda aka nuna yana maye gurbin ƙwaya, jiƙon da ake sayarwa a jarka kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa, kuma haɗa shi da Daonil caca ce. A gefe guda, ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dexamethasone a ciki, suna harba suga sama har ƙwayar likita ta zama kamar ba a sha. Mace mai shan kowace irin ƙwayar suga da ta samu juna biyu, ko take nema, ta gaggauta ganin likita, domin yawanci akan sauya tsarin.

Babu inda bambancin ƙwayoyin nan ke fitowa fili kamar watan azumi. Musulunci ya yi wa mara lafiya rangwame, amma mafi yawan masu nau'i na biyu suna ɗauka. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 a azumin 2001 ya gano kashi 79 cikin ɗari nasu sun yi aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar suga ta ninka fiye da sau bakwai a watan. Mai shan metformin kaɗai lamarinsa da sauƙi: in sau ɗaya ne ya sha da buɗa-baki, in sau biyu ne ɗaya da buɗa-baki ɗaya da sahur. Mai shan gliclazide ko glimepiride akan mayar masa da babban kaso lokacin shan ruwa, a rage na sahur. Glibenclamide kuwa an fi so a sauya shi gaba ɗaya kafin watan ya kama. Ba daren ganin wata ake wannan shiri ba, tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban ake zuwa asibiti. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi a fatawar mafi yawan malamai, kuma ƙa'idar likitoci ita ce duk wanda ya auna ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ko ya ji rawar jiki da zufa da jiri, ya karya azumin nan take, ko da saura minti goma a kira magariba. Mai raunin ƙoda, da wanda ya suma saboda faɗuwar suga a 'yan watannin baya, da tsohon da ke zaune shi kaɗai yana shan Daonil, suna cikin waɗanda likitoci ke shawarar kada su ɗauka, su tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa.